Zanen Kwamfuta da Kundin Bulokcen: Shin Araha Tana Ado?



A watan Maris na 2021 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da zanen wani Ba'amurke, mai laƙabi Beeple, a kan dala miliyan 69, alhali kuwa zanen a cikin kwamfuta kaɗai yake, kowa na iya kwafarsa kyauta. To, me mai sayen ya saya? Shaidar mallaka ya saya, wadda ake kira NFT, wato wani rubutu da ake shigarwa cikin bulokcen. Shi kuwa bulokcen kundi ne wanda dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, saboda haka mutum ɗaya ba ya iya goge abin da aka rubuta.

Amma shigar da rubutun sai da kuɗi. A wancan lokaci, idan cunkoso ya yi yawa a kundin Ethereum, kuɗin yakan haura dala 50, abin da ya fi ƙarfin ɗalibi. Wannan ya sa masu zane da dama suka koma kundin Tezos, inda kuɗin bai kai dala 1 ba, suka yi ta baje kolinsu a dandalin Hic et Nunc. A watan Nuwamba na 2021 mai dandalin ya rufe shi ba zato ba tsammani, amma zane-zanen ba su salwanta ba, domin shaidarsu tana cikin kundin, hotunan kuma an adana su a wata ma'ajiya ta gama-gari. Nan da nan wasu suka buɗe sababbin dandali.

Ƙofa dai ta buɗe. Osinachi, ɗan Nijeriya mai zane da Microsoft Word, ta hanyar NFT ya kai aikinsa Christie's a 2021. Sai dai, 'yan'uwa, kundin yana tabbatar da wanda ya mallaki shaida ne kawai. Ba ya tabbatar da wanda ya yi zanen, ba ya kuma kawo mai saye. A 2022 kasuwar ta faɗi warwas, waɗanda suka shiga don kwaɗayin riba suka tafka asara.

Don haka wanda yake da hannun zane ya gwada da ɗan abin da zai iya jure rasawa, ya ɓoye kalmomin sirrin asusunsa, kada kuma ya ɗora aikin wani. Kuɗin makaranta ba jarin caca ba ne. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.