Ɗan Kunnen Lefe da Hujin Jarirai

  To, yau a kan kunnen nan ne za mu yi magana.

Abin da ya sa na ɗauko zancen, 'yar ƙanwata ce aka yi wa biki bayan Babbar Sallah. An kawo lefe, a ciki har da 'yan kunne na gwal, irin masu kaurin ƙafar nan da ake murɗawa ta baya. Ita kuwa ɗan siririn huji ne da ita, na allura da zare, wanda aka yi mata tun kafin suna. Ranar kamu aka gwada, ya ƙi shiga. Ƙawaye suka ce ai ba komai, a shafa sabulu. Aka shafa, aka danna, ta yi ƙara, ya shige. Bayan ta tare kuma kunya ta hana ta cirewa, don uwar miji ce ta zaɓo shi da kanta. Ranar da na je ganin ɗaki na ɗaga mayafinta, na tarar kunnen ya kumbura ya yi suntum, marfin bayan ya fara nutsewa cikin nama.

Ki sani 'yar uwa, cikin hujin kunne akwai wata 'yar fata mai laushi da ta lulluɓe shi, kamar yadda tela ke kalmashe bakin riga. Idan aka tura abin da ya fi ƙarfinsa, fatar nan ce ke tsagewa, ko kuma ta turo ta baya ta yi zobe, kamar an juya hannun riga. Fata tana miƙewa, amma a hankali. Kakanninmu sun san haka: zare suke fara sa wa yarinya, sai tsinke, sai wanda ya ɗan fi shi kauri, har a shafe watanni. Masu aikin huji na yanzu ma abin da suke cewa ke nan, kada a ƙara fiye da milimita 1 a lokaci guda, kuma a jira mako 6 zuwa 8 kafin a sake ƙarawa. In kin ji zafi mai tsanani ko kin ga jini, to kin wuce gona da iri.

Yanzu a ce abin ya riga ya faru. Ki wanke hannu da sabulu, ki cire ɗan kunnen da ya yi ɓarnar. Kada ki ce za ki daure. Idan wurin yana jini, ki danne da tsabtatacciyar auduga har ya tsaya, ki bar kunnen haka nan na 'yan kwanaki. Tsohon huji ba ya toshewa a kwana 2 ko 3, kada wannan ya dame ki. In kumburi ya saɓe, sai ki sa siriri mara nauyi.

Maganin gida kuwa ruwan gishiri ne. Ki tafasa ruwa kamar rabin ledar fiya wata, ki zuba gishiri rubu'in ƙaramin cokalin shayi, ki bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. Sai ki tsoma kunnen a ƙaramin kofi, ko ki jiƙa auduga ki ɗora, minti 5 zuwa 10, safe da yamma. Kada ki ce bari in ƙara gishiri don ya fi ci, ƙona wurin zai yi. Ki shanya da abu mai tsabta. Ki sassauta ɗaurin kallabi, ki lura da robar hijabi kada ta riƙa gogar wurin, kuma ki kwanta a ɗaya gefen. Mai goyo, ki yi hattara da hannun yaro, kin dai san su da abu mai walƙiya.

Na san akwai masu cewa a sa kananzir, ko man goge baki, ko toka, ko man birki. Don Allah a bari. Ko sifirit ɗin nan yana ƙone sabuwar fatar da ke ƙoƙarin fitowa. Toka da ƙasa kuwa suna iya shigar da ƙwayar cutar sarƙewar haƙora. Man kaɗe yana da amfani, amma sai ciwo ya rufe tukuna, sannan ki riƙa murza wurin da shi a hankali don tabon ya yi laushi.

Akwai inda gida ba ya iyawa. Idan mugunya mai kauri tana fita, ko ja da zafi suna yaɗuwa zuwa wuya, ko zazzaɓi ya zo, ko marfin ya nutse cikin nama, wannan na asibiti ne. Kada ki tona da allura ko reza. Haka in ciwon a saman kunne yake, wurin guringuntsi, kada a kwana biyu ana dubawa. Jini bai cika zuwa wurin ba, yana iya ruɓewa kunnen ya lanƙwashe har abada. Mai ciwon suga ma kada ta jira.

Kunnen da ya yage gida biyu, in sabo ne a je a ranar a ɗinke. In ya daɗe har bakin ya warke, ba zai haɗe da kansa ba ko shekara nawa za a yi. Likita zai kashe wurin da allura, ya gyara bakin, ya ɗinke, a cire zare bayan mako 1 zuwa 2. Sai an yi kamar wata 3 sannan a sake huji, kuma a gefen tabon, ba a kansa ba.

Sai ƙululun nan mai tauri da ke tsirowa a bayan kunne watanni bayan ciwo, yana ƙaiƙayi, yana ƙara girma. Likitoci na ce masa kiloyid. Ya fi kama mu baƙar fata, kuma yana bin dangi. Kada a ɗaure shi da zare, kada a kai wa wanzami ya yanke, domin yanka kaɗai sau da yawa dawo da shi yake yi, har ya fi na da. A asibiti akwai allurar da ake yi masa a ciki ya lafa, kuma ya fi jin magani tun yana ƙarami.

Na san wata za ta ce, "Yaya zan nemi izinin fita a kan ɗan ciwon kunne?" Kada ki tsaya ba da labari, ki kira maigida ki nuna masa da rana, a cikin haske, ki faɗa masa kwana nawa aka yi. Abin da muka yi da angon 'yar tawa ke nan. Da ya gani, shi da kansa ya nemo mota. Aka ciro marfin a asibiti, aka ba ta magani. Uwar mijin da ake jin kunyarta kuwa, ita ce ta kai 'yan kunnen wurin maƙerin gwal ya canza musu ƙafa siririya, tana ta faɗa wai don me ba a gaya mata tun ranar ba.