Kuɗin Kwangila Kuɗinmu Ne

Abin da ya tara mu yau shi ne zancen kwangilar gwamnati, wato sayayyar da hukuma take yi da ayyukan da take bayarwa a yi mata.

Da fari mu tambayi kanmu, kuɗin nan na wane ne? Ba daga aljihun minista ko kwamishina suke fitowa ba. Kuɗin mai biyan kuɗin rumfa ne, da mai biyan haraji, da duk wanda ya sayi kaya aka ɗora masa harajin saye. Tun da namu ne, muna da bakin magana a kan inda za su shiga.

Ku ɗauki ginin makaranta guda. Ana bukatar bulo, da ƙofofi, da tagogi, da bencina. A garin akwai magina, akwai kafintoci, akwai masu walda. Amma sai ɗan kwangila ya zo daga nesa da leburorinsa da kayansa, ya gama, ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Mun sami makaranta, gaskiya ne, amma ko sisi bai kwana a garin ba. Da an rubuta a takardar kwangila cewa sai ya ɗauki leburori daga garin, ya sayi bencina wurin kafintocin garin, ya koya wa samari aiki, da kuɗin nan sun gina makaranta sun kuma cika tukwane.

Kada wani ya ce muku wannan tatsuniya ce. A 2009 ƙasar Barazil ta yi doka cewa daga kuɗin da gwamnatin tarayya take bayarwa don ciyar da 'yan makaranta, aƙalla kashi 30 cikin 100 sai an sayi abinci da su kai tsaye daga ƙananan manoma. A 2013 ƙasar Kenya ta keɓe kashi 30 cikin 100 na sayayyar gwamnati ga matasa da mata da naƙasassu.

Mu ma a nan Nijeriya ba a bar mu haka ba. Dokar sayayyar gwamnatin tarayya ta 2007 ta yarda a fifita kayan gida da 'yan kwangila na gida. Ta ce a buɗe takardun masu neman aiki a bainar jama'a, a kuma gayyato mutum biyu daga waje su zama shaida. Ta ce in aka yi wa mutum jinkirin biya fiye da kwana 60, sai a ƙara masa wani abu saboda jinkirin. A 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya sa hannu a kan umarni cewa aƙalla kashi 40 cikin 100 na abin da ma'aikatun tarayya suke kashewa a kan irin su tufafin ma'aikata, da takalma, da abinci, da kujeru, da magunguna, ya tafi ga kayan da aka yi a cikin ƙasa. Ashe ruwa na ƙasa, sai ga wanda bai tona ba.

To me ya hana mu tonawa? Abu na farko takardu. Ana neman rajistar kamfani da shaidar biyan haraji ta shekara uku, kuma tela mai keke ɗaya ba shi da su. Abu na biyu girman aiki. In an haɗa bencinan makarantu masu yawa a kwangila guda, sai mai babban jari kaɗai zai iya. Abu na uku jinkirin biya. Attajiri yana iya jiran shekara, amma mai ƙaramin jari wata uku ya ishe shi karyewa.

Akwai masu cewa kayan gida sun fi tsada, ko ba su da ƙarko. Ba mu ce a sayi ruɓaɓɓen kaya don na ɗan gari ne ba. A faɗi irin ingancin da ake so, wanda ya kasa a ƙi karɓar nasa. Akwai kuma wani haɗari da ya kamata mu faɗa da bakinmu, kada “ɗan gari” ya zama ƙanen ciyaman ko surukin kansila. In haka ta faru, sai a ce an gudu ba a tsira ba. Maganinsa shi ne a yi komai a fili.

Saboda haka ga abin da muke nema daga gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi, tun da dokar 2007 ta tarayya ce, jihohi kuwa dokokinsu suke bi. A riƙa liƙa sanarwar kowace kwangila da Hausa a ƙofar kasuwa, a kuma karanta ta a rediyo. A raba babban aiki kashi-kashi tun a sanarwa, yadda masu ƙaramin ƙarfi za su iya nema. A rubuta adadin leburori da 'yan koyon sana'a na gari a cikin yarjejeniya, a kafa allo a wurin aikin mai ɗauke da sunan ɗan kwangila da kuɗin aikin da ranar gamawa. A biya mutane cikin lokaci.

Mu ma akwai namu aikin. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Teloli su haɗu, dukawan Ƙofar Wambai su haɗu, masu hatsin Dawanau su haɗu, kowane rukuni ya yi rajistar jam'iyyar gama kai, ya riƙe littafin lissafi, ya biya haraji ya karɓi rasit. Wanda ya ga aikin tarayya a unguwarsu ya rubuta takarda ya tambayi nawa aka bayar da shi, domin dokar samun bayanai ta 2011 ta ba ma'aikata kwana 7 ta ba da amsa. Wanda kuma ya zo neman ƙuri'arku, ku tambaye shi wurin wa za a sayi bencinan makarantar da yake alkawari.

Ku kai wannan magana rumfa rumfa. Allah ya ba mu sa'a.