Ba kullum haƙori ba ne

Yau maganarmu kan amai da gudawar jarirai ce.

Mukan ce haƙori ne. Sau da yawa ba haƙori ba ne. Ƙwayar cuta ce, sunanta rota. Ta baki take shiga, daga hannu mai datti, ta kama hanji. Kafso ba ya kashe ta, kada a ɓata kuɗi.

Haɗarin shi ne ƙarewar ruwan jiki. A ba yaro ruwan gishiri da sukari, a ci gaba da ba shi nono. In idonsa ya faɗa ko ya ƙi sha, sai asibiti.

Tun 2022 Najeriya ke ɗiga wa jarirai rigakafin rota a baki, kyauta. Uwa, duba katin ɗanki yau.

A huta lafiya.