Saiwar hatsi da cikin saniya: jawabi ga makiyaya da fataken bisashe

  

Yau zancen saiwar hatsi zan yi muku. Na san wani zai ce me ya haɗa makiyayi da abin da ke ƙarƙashin gonar wani. To ku duba abin da bisashenmu ke ci daga kaka har zuwa bazara: karan hatsi ne, da karan dawa, da harawa, da dusa. In hatsi ya ƙone, manomi ya rasa tuwo, saniya kuma ta rasa kara, farashinta ya faɗi a kasuwa. Waɗanda suka ga 1973 da 1984 ba sa bukatar in yi musu bayani.

Akwai wata ɗaliba a Faransa, Sixtine Passot, wadda ta yi binciken digirinta na dakta a jami'ar Montpellier, ta kammala a 2016. Aikinta duka a kan saiwar hatsi ne. Ta riƙa shuka ƙwaya a jikin gilashi, yadda za a ga saiwa tana tafiya, ana auna ta kullum. Abin da ta gani shi ne, da ƙwaya ta tsira, saiwa guda ɗaya tak take turawa, ta miƙe ƙasa da sauri, har takan ƙara kusan tsawon yatsa a yini ɗaya. Sauran saiwoyin da ke fitowa daga gindi sai an yi kamar mako guda suke biyowa. Ke nan a kwanakin farko ran tsiron nan duka yana rataye ga zare guda.

Ku kwatanta da yadda damina ke faɗuwa a ƙasarmu. A yi ruwa ɗaya mai kyau, kowa ya fita shuka, sai sama ta ɗauke kwana goma ko ashirin. Yashin sama ya bushe, ya yi zafi har ba ya takuwa, amma can ƙasa akwai sauran laima. Tsere ne tsakanin bushewa da saiwa. In saiwa ta riga kaiwa ga laima, tsiro ya rayu. In ba ta kai ba, sai a sake shuka. Masu binciken da suka ci gaba da aikin nan tare da abokansu na Sanagal sun gwada iri-iri na hatsi a gona, suka hana musu ruwa bayan tsira, kuma a sakamakon da suka fitar a 2024 sun nuna cewa irin da saiwarsa ta farko ta fi sauri shi ya fi jure wannan farin na farkon damina.

Nan ne maganar ta shigo gidanmu. Duk shekarar da aka sake shuka sau biyu ko uku, girbi yana jinkiri. In girbi ya yi jinkiri, ranar sakin gonaki ita ma sai a ja ta baya. A lokacin kuwa tabkunan arewa sun fara ƙafewa, garke ya juyo kudu, ya taras da hatsi tsaye. Kun san abin da ke biyo baya: ɓarna, tara, wani lokaci har jini. Irin da ke kamawa tun shukar farko yana rage mana wannan tsayuwar a bakin burtali.

Kada dai a ɗauka doguwar saiwa ita ce maganin komai. A jigawa tana da amfani, inda saiwar hatsi kan nutsa mita 2. A fako kuwa, inda ƙasa ta daskare, ba inda za ta. Sannan masu binciken cibiyar ICRISAT, wadda ke da reshe a Sadore kudu da Yamai, sun nuna cewa wani irin ba tsawon saiwa ke cetonsa ba, tattalin ruwa ne: yana rage sha da tsakar rana, ya bar ragowa a ƙasa har lokacin da zangarniya ke cika ido. Akwai dawar da ganyenta ke zama kore har bayan ta nuna. Duk mai turka sa ya san bambancin karan da aka yanke da ɗanyen ganye da wanda ya bushe a tsaye.

Sai maganar sabara, wadda awakinmu da raƙuma ke taɓawa in rani ya tsananta. Wani ɗalibi daga Amurka, Nathaniel Bogie, ya yi nasa binciken na dakta a gonakin Sanagal. Suka ba saiwar sabara ta can ƙasa ruwa mai alama, wanda na'ura ke iya ganewa, sai ga ruwan nan ya bayyana a jikin hatsin da ke kusa da ita. An buga wannan a 2018. Ashe da dare sabara na jawo ruwa daga zurfi ta saki wani a yashin sama, hatsi ya sha. A gonakin gwajin ba a tone ta, ba a ƙone ta; sassabe ta ake yi a mayar da ganyen cikin ƙasa. Don haka in kun ga ana tumɓuke sabara da kalgo da sunan sharar gona, ku yi magana, asarar ta shafi mai gona ta shafe ku.

Abu na ƙarshe shi ne wanda nake so ku riƙe in an zauna gaban sarki ko kwamitin kula da filaye. Saiwa ba ta tafiya da yunwa. Yashinmu ba shi da sinadarin fosfor isasshe, shi kuwa tsiro yana bukatarsa tun yana ƙarami don ya yi saiwa. Gwaje-gwajen da aka yi a Nijar sun nuna gonar da garke ya kwana a kanta ta fi wadda aka kwaso mata busasshen taki, domin fitsari ma yana shiga ƙasa. Wannan ita ce tsohuwar yarjejeniyar kakanninmu: shanu su ci kara, su bar taki, mai gona ya ba da dami. Yanzu ana kwashe kara kaf a ɗora bisa itace ko a kai kasuwa, gona ta zauna tsirara, iska ta kwashe ta, saniya ta wuce ba ta kwana ba. Ban ce manomi ba shi da iko da karansa ba, nasa ne. Amma dokar tsarin karkara ta 1993 da dokar kiwo ta 2010 sun ba makiyayi wurin zama a cikin shawara, kuma in kun je wurin, ba roƙo kaɗai ya kai ku ba, kuna da abin bayarwa.

Ina roƙon wakilan kowane yanki su nemi zama da manoman da suke maƙwabtaka tun kafin girbi, a tsai da maganar kwanan garke da ranar shiga gona. Masu noma a cikinku kuma, in malamin gona ya kawo sabon iri, ku tambaye shi yadda yake yi in ruwa ya ɗauke bayan shuka, da yawan karan da yake bayarwa.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.