Wa Ya Buɗe Zuciyar Lidiya?

Karatunmu na yau yana cikin Ayyukan Manzanni 16:13-15.

Ran Asabar ne, a birnin Filibi na ƙasar Makidoniya. Bulus da abokan tafiyarsa suka fita bayan gari zuwa bakin kogi, inda mata suka taru domin addu'a. A cikinsu akwai Lidiya, mutuniyar Tayatira, mai sayar da tufafin shunayya. Shunayya kayan sarakuna ne da attajirai, saboda haka matar nan ta san ciniki, ta san kome da kuɗinsa. Mai tsoron Allah ce kuma tun kafin ranar. Duk da haka Luka bai ce wayonta ko ibadarta ne suka sa ta karɓi bishara ba. Ya nuna mana Ubangiji ne ya buɗe mata zuciya.

A nan ne da yawanmu muke tuntuɓe. Mun haddace Afisawa 2:8-9 tun muna yara, mun yarda ceto kyauta ne. Amma can cikin zuciya muna cewa alherin dai na Allah ne, bangaskiyar kuwa tamu ce, mu muka kawo ta. Sai bangaskiya ta zama kamar kuɗin da muka biya. Ga shi kuwa Bulus ya rubuta wa ikilisiyar nan ta Filibi, a 1:29, cewa gaskatawar ma ba su aka yi.

Kada mu ɗauka wannan gardamar makarantar tauhidi ce kawai. Mu da muke zuwa gaishe da marasa lafiya mun sha zama a bakin gadon dattijo wanda ya tsufa cikin hidima, bai taɓa fasa zakka ba, sai ya riƙe mana hannu yana cewa, "Fasto, anya bangaskiyata ta isa?" Tun da ya ɗauka shi ya ƙera ta, dole ya yi ta auna ta da tsoro. Baba, wanda ya ba ka ita bai yi barci ba. Filibiyawa 1:6 ta tabbatar mana wanda ya fara aikin shi zai kammala shi.

To, ayyuka fa? Suna nan. Aka yi wa Lidiya baftisma da mutanen gidanta, sai ta matsa wa su Bulus su sauka a wurinta. Zuciya aka fara buɗewa, ƙofar gida ta biyo baya.

Mu yi addu'a. Ya Uba, ka buɗe zukatan 'ya'yanmu da maƙwabtanmu waɗanda muka gaji da yi wa wa'azi, kamar yadda ka buɗe namu. Ka ƙarfafa masu shakka a kan gadon ciwo. Cikin sunan Yesu, amin.