Kakanku Zamanin Wane Lamiɗo Ya Zo?

 

Zan faro daga nesa, daga ƙasar Suwidin. Tsakanin 1850 da 1930 mutanenta kimanin miliyan 1.3 suka yi ƙaura zuwa Amurka, yunwar 1867 zuwa 1869 kuma ta ƙara ingiza su. Yau tattaɓa-kunnen ɗayansu yana zaune a Minisota zai gano ƙauyen kakansa har da shekarar da ya bar gida, domin tun dokar coci ta 1686 limamansu ke rubuta haihuwa da aure da mutuwa, da wanda ya shigo gari ko ya fita. Inda yake shan wuya shi ne suna. Ɗan Anders shi ne Andersson, amma ɗan Karl Andersson sai ya amsa Karlsson. Wannan kuwa halin gidanmu ne: Musa Ibrahim ya haifi Sani Musa, Sani ya haifi Bello Sani, kafin hawa uku sunan Ibrahim ya ɓace.

Mu ma garin baƙi ne. Modibbo Adama ya kafa Yola a 1841, fatake suka biyo baya daga Kano da Katsina da Borno suna neman hauren giwa, wasu suka zarce Ngaundare da Banyo da Tibati, wasu suka yi aure suka zauna. Babu limamin da ya rubuta ranar isowarsu. Amma muna da namu lissafin. Kada ka tambayi tsoho shekara, tambaye shi sarki. In ya ce zamanin Lamiɗo Lawal, ka san tsakanin 1847 da 1872 ne. Sanda ya riƙe zuwa 1890, Zubairu zuwa 1901, shekarar da Turawan Ingila suka ci Yola.

In za ku bi zaren asalinku, ku fara da tsofaffin mata. Ni dai ban taɓa ganin namijin da ya kai su riƙe dangin uwa ba: sun san wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa, sun san kirarin gida da ma'anar tsagen fuskar kaka. Ku ɗauki muryarsu a waya, sau biyu, a ranaku dabam, ku gwada maganar farko da ta biyu. Bayan nan ku buɗe gafakar malamin gidan, domin sau da yawa a gefen takarda yake rubuta ranar haihuwar 'ya'yansa da ajami. Takardun lardin Yola na zamanin Turawa suna gidan adana tarihi na ƙasa a Kaduna. In zaren ya tsallaka iyaka zuwa Garwa, ku tuna Usmanu can Ousmanou ake rubuta shi.

Akwai abin da ba ma son faɗa a taro, zan faɗe shi. Wani zai bi zaren nan ya tarar kakarsa ba fatauci ya kawo ta ba, kamo ta aka yi. Ina roƙonku, kada ku rufe littafin a nan. Ku tambayi sunan da uwarta ta raɗa mata kafin a sake mata wani, da harshen da take yi wa jikokinta waƙa, da dutsen da take nunawa in an ce mata ina ne gida. Ku rubuta su a shafin da kuka rubuta Bakano mai hauren giwa.