ASALINMU DA GADONMU: JAWABIN BIKIN CIKA SHEKARA HAMSIN

Nassosin karatu: Littafin Firistoci 25:8-13, Nehemiya 7:61-65, Matiyu 1:1-17

 Muna yi wa Allah godiya da ya kawo mu wannan rana, muna sujada a nan Minanata, cikin birnin Sakkwato, shekara hamsin cif.

GABATARWA

A cikin Littafin Firistoci sura 25 Allah ya umarci Isra'ilawa su keɓe shekara ta hamsin. A shekarar nan ne kowane mutum zai koma ga danginsa da gonar gadonsa. To, wanda bai san danginsa ba, ina zai koma? Saboda haka muka ga ya dace mu yi magana yau a kan neman asali. Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da muke so mu bar muku guda ɗaya ne: sunan da aka rubuta shi ke isa ga jikoki, wanda aka bari a baki kuwa yana bin mai shi kabari.

1. DARASI DAGA SIKOTLAN DA AYALAN

Akwai ƙananan ƙasashe biyu a Turai da mutanensu suka watsu cikin duniya, wato Sikotlan da Ayalan. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta kama dankalin Ayalan, yunwa ta kashe kimanin mutum miliyan 1, wasu kimanin miliyan 1 kuma suka yi ƙaura. Mutum fiye da miliyan 30 a Amurka suna cewa asalinsu daga Ayalan ne. Jikokin waɗanda suka tafi sukan koma neman ƙauyen kakanninsu, kuma wurin da sukan dosa shi ne littattafan ikkilisiya, inda aka rubuta baftisma da ɗaurin aure da jana'iza.

A Sikotlan mai nema yakan yi sa'a. Mafi tsufan littafin ikkilisiya da ya rage musu na 1553 ne. Daga 1855 gwamnati ta sa dokar rubuta kowace haihuwa da aure da mutuwa, aka kuma tattara tsofaffin littattafan a birnin Edinbara. Duk da haka akwai giɓi. A 1783 an ɗora harajin kwabo uku a kan kowane suna da za a rubuta, talakawa da yawa suka janye, har aka soke harajin a 1794.

A Ayalan kuwa labarin na baƙin ciki ne. Ran 30 ga Yuni 1922, a farkon yaƙin basasarsu, gobara ta cinye babban gidan ajiyar takardun ƙasa a Dublin. Takardun ƙidayar jama'a na 1821 zuwa 1851 suka ƙone, sai kaɗan da suka tsira. Littattafan majami'un Angilikan wajen dubu ɗaya da aka kai can ajiya suka zama toka. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda limamai suka riƙe a majami'unsu, ko suka kwafa kafin su miƙa. Shekara ɗari bayan gobarar, a 2022, masana suka buɗe wani rumbu a intanet na abin da suka iya tsintowa daga kwafe-kwafen da ke warwatse a wasu ƙasashe. Aikin rana ɗaya na wuta, shekara ɗari ba ta gama gyara shi ba.

2. INA RUWANMU DA SU?

Wani zai ce, ina ruwan Bahaushe da Sikotlan? 'Yan'uwa, in muka bi sawun yadda Maganar Allah ta iso hannunmu, za mu tarar da ƙafafun mutanen ƙasashen nan a hanya.

Hugh Clapperton, mutumin garin Annan a Sikotlan, hafsan sojan ruwa ne mai yawon binciken ƙasa, ba ɗan mishan ba. Ya iso Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi da mutunci. Da ya komo a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarki akwai littattafan Larabci, har da Zabura da Sabon Alkawari. A nan ciwo ya kama shi, ya rasu ran 13 ga Afrilu 1827, baransa Richard Lander ya binne shi a wani ƙauye a bayan gari.

Likita William Baikie, daga tsibiran Orkney na Sikotlan, shi ne ya shigo da jirgi ta kogin Kwara da Binuwai a 1854, yana ba mutanensa kwinin, ba wanda zazzaɓi ya kashe. Samuel Ajayi Crowther yana cikin jirgin. Daga baya Baikie ya zauna a Lokoja, ya juya waɗansu sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa.

A kudu, Hope Waddell, haifaffen Dublin, ya sauka Kalaba a 1846. Mary Slessor, mai aikin masaƙa a Dundee, ta bi baya a 1876, ta zauna can har rasuwarta a 1915. Samuel Bill daga Belfast ya fara aikin Qua Iboe a 1887. A Edinbara aka raɗa wa ƙungiyar SUM suna a 1904, kuma cikin mutum huɗu na farko da suka isa Wase a shekarar akwai Lowry Maxwell daga arewacin Ayalan, wanda ya ƙware a Hausa har ya rubuta littafin koyon ta.

Da yawa daga cikinmu ta hanyar SIM bishara ta shigo gidajenmu. Tushen wannan aiki kuwa wata uwa ce 'yar Sikotlan mazauniyar Toronto a Kanada, Margaret Gowans. Ɗanta Walter ya ɗauki nawayar ƙasar Sudan, ita kuma ta shawo kan saurayi Rowland Bingham ya bi shi. Su biyu tare da Thomas Kent suka sauka Ikko ran 4 ga Disamba 1893. Kafin 1894 ta ƙare Walter ya rasu a Girku, cikin Jihar Kaduna ta yau, Kent kuma a Bida. Ba su ga tubabbe ko ɗaya ba. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Patigi. A 1932 Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa gaba ɗaya, aikin da Likita Walter Miller na Zariya da Likita Andrew Stirrett, Bature Mai Magani, suka sa hannu a ciki tare da waɗansu. A ƙarshen shekarun 1930 SIM ta karɓi aikin jinyar kutare a Amanawa kusa da mu, da Babbar Ruga a Katsina, da Yadakunya a Kano. A 1954 aka kafa ECWA.

3. SUNAYEN DA KE CIKIN HATSARI

Ku lura da abu ɗaya. Mun iya faɗa muku ranar da Gowans ya sauka Ikko da ranar da Clapperton ya rasu, domin an rubuta. To, wa ya ɗauki kayansu? Wa ya koya musu Hausa? Wa ya yi musu tafinta a kasuwa? Mun san Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bauta, wanda ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, ya taimaki Rabaran Schön da aikin Hausa, ya rasu a Kano a 1912. Mun san shi ne domin an rubuta labarinsa daga bakinsa. Irinsa da yawa sun wuce ba suna.

Bature ya kawo iri, amma wa ya yi noman? Masu bishara ne 'yan ƙasa, waɗanda suka bi ƙauyuka da ƙafa da keke, suna noma da rana, suna koyar da karatu da dare a hasken aci-balbal. Marasa lafiya ne da suka sami sauƙi a Amanawa suka koma garuruwansu da Sabon Alkawari a aljihu. Iyayenmu mata ne da suka ɗebo ruwa aka kwaɓa ƙasar ginin majami'a, suka tara baiko daga cinikin ƙosai da ƙuli-ƙuli. Ma'aikata ne da sojoji da malaman makaranta daga ƙasar Zuru, da Kudancin Zariya, da Filato, da Katsina, da Maraɗi, waɗanda aiki ya kawo su Sakkwato suka nemi wurin sujada. Waɗannan su ne kakannin ikkilisiyar nan. Sunayensu suna bakin tsofaffi, tsofaffin kuwa kowace shekara muna raka waɗansunsu makabarta.

A dā zanen fuska yakan nuna Bagobiri da Bakabe da Bazamfare, maroƙi yakan jero kakanni cikin kirari, wasan taubasai yakan tuna wa mutum da wa yake da zumunci. Yanzu an daina zane, yaran da aka haifa a birni da yawa ba su taɓa kwana a ƙauyen ubansu ba. Maƙwabtanmu Musulmi na garin nan sun ba mu misali mai kyau. Sarkin Musulmi Bello ya rubuta tarihi a Infaƙul Maisuri, Waziri Junaidu ya rubuta Tarihin Fulani, ga kuma gidan tarihi mai sunan Wazirin a cikin birni, inda ake adana takardu.

A Nehemiya sura 7 mun karanta labarin waɗansu gidajen firistoci da suka komo daga Babila. Aka nemi sunansu a littafin asali ba a samu ba, aka tsame su daga aikin firist. Kada jikokinmu su nema su rasa.

4. BA DOMIN FAHARIYA BA, BA KUMA DA KUNYA BA

Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti da Titus a kan gardamar asali marar iyaka. Yahaya Maibaftisma ya tsauta wa masu taƙama da cewa Ibrahim ubansu ne. Saboda haka ba muna neman asali domin wani ya ce gidansu ya riga na wani shiga majami'a ba, ko domin a raba ikkilisiya kabila-kabila. Tsintsiya ce mu, maɗaurinmu ɗaya.

Akwai kuma masu ɓoye asali. Wani kakansa bawa ne. Wani kuturta ce ta kai uwarsa asibitin mishan. Wani gidansu Maguzawa ne masu tsafi. Wani kuma danginsa duka Musulmi ne, an yi ɓacin rai sa'ad da ya bi Almasihu. 'Yan'uwa, ku duba asalin Ubangijinmu a Matiyu sura 1. Ga Tamar, ga Rahab ta Yariko, ga Rut mutuniyar Mowab, ga matar Uriya. Ruhu Mai Tsarki bai share ko ɗaya ba. In Ɗan Allah bai ji kunyar kakanninsa ba, mu wane ne? Inda aka fito da kai shi ke nuna girman alherin da aka yi maka. Dangin da ba addininmu ɗaya ba kuwa jininmu ne, a rubuta su, a ziyarce su, gama zumunta a ƙafa take.

5. ABIN DA ZA MU YI

Na ɗaya, kowane gida ya sayi littafi mai kauri kafin ƙarshen shekarar nan. A rubuta aƙalla tsara huɗu, ta wajen uba da ta wajen uwa. Bulus bai manta da Loyis da Afiniki ba sa'ad da ya tuna da bangaskiyar Timoti.

Na biyu, a rubuta sunan yanka, da laƙabi, da sunan baftisma, da ƙauye da gunduma. Mun san alkunya tana hana uwa faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta. A tambayi gwaggo ko kawu.

Na uku, tsoho ba zai ba ku kwanan wata ba, amma zai ba ku abin da ya faru. Ku auna da waɗannan: yunwar Kakalaba 1914, naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku 1938, zuwan Sarauniya 1956, samun mulkin kai 1960, yaƙin basasa 1967 zuwa 1970, canjin hannun tuƙi 1972, fitowar naira da babban fari 1973.

Na huɗu, matasa, wayar da ke hannunku ba ta hira kaɗai ba ce. Ku zauna gaban kakanninku da ladabi, ku ɗauki muryarsu, ku tambaye su wa ya fara gaya musu labarin Yesu, wa ya yi musu baftisma, a wane rafi. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na biyar, dattawa da magatakarda su tattara littattafan baftisma, aure, miƙa yara da jana'iza na shekaru hamsin ɗin nan, a kwafe su kashi uku: ɗaya a majami'a cikin akwatin ƙarfe saboda gara da ruwa, ɗaya a ofishin gunduma, ɗaya a kwamfuta. Darasin Dublin ke nan. Kada kuma a karɓi ko sisi domin rubuta sunan kowa. Darasin Sikotlan ke nan.

KAMMALAWA

Mu da muka ga farkon wannan aiki ba za mu ga bikin shekara ɗari ba, amma yaran da ke zaune a gaba a kan tabarma, da yardar Allah za su gani. Ranar nan wani zai tsaya a wurin nan ya buɗe littafi. Abin da muka rubuta shi zai karanta.

A ƙarshe, akwai littafin da gara ba ta ci, wuta ba ta ƙone shi, wato Littafin Rai na Ɗan Rago da ke cikin Wahayin Yahaya. Ba a shiga cikinsa da sunan uba ko na kaka. Kowa da bangaskiyarsa yake shiga. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, sunanka yana ciki?

Allah na Ibrahim da Ishaku da Yakubu, wanda ya riƙe iyayenmu, ya riƙe mu da 'ya'yanmu har zuwan Ubangijinmu. Amin.